Gishirin Fatun Layya da Sunan Malam Iro

Panshekara, Kano.

Zuwa ga ɗana Halilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo Ya sa wannan takarda ta tarar da kai ka sauka Jos lafiya, ka sami masauki na kirki, sanyin garin kuma bai fara hana ka alwalar asuba ba. Mahaifiyarka tana gaishe ka da kyau, ta ce kada ka bar gwangwanin yajin nan a buɗe. Ƙannenka ma suna gaisuwa. Labarin gida ba zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi.

Ranar da ka shigo da takardar ɗaukar aiki, kana shafa 'yar ƙasumbar nan taka da har yau ba ta yanke shawarar fitowa ba, ka ce mini a ɗakin gwajin da za ka akwai na'urar filasma ta auna ƙarfe a cikin ruwa, irin wadda nake aiki da ita a Challawa, har ma ta fi tawa zamani. Na ce maka madalla, na sa takalmi na fita. Ka ɗauka ban yi murna ba ne. Na yi, wallahi. Gabana ne ya faɗi. Kuma ka san halina, in na fara magana da baki sai faɗa ya shigo ciki, shi ya sa na ga gara in rubuta. A kan na'urar nan wani mutum ya rasa aikinsa da mutuncinsa, da hannuna, kuma mutumin shi ne wanda ka ci sunansa.

Ka san Malam Iro, amma sanin yaro ka yi masa, mai kawo maka alewa da dabino. Bari in gaya maka ko wane ne shi a wurina. Lokacin da na baro ƙauye na shigo Kano, ba ni da komai sai takardar makaranta da riga biyu. Na yi ta zaga ƙofofin kamfanoni a Bompai, masu gadi suna korata. Shi ne ya gan ni a bakin wani kamfanin jimar fatu ina zaune kamar maraya, ya tambaye ni ɗan wane gari. Shi mutumin ƙasar Damagaram ne, ba dangin iya ba na baba, amma ya kai ni zaurensa, matarsa ta riƙa zuba tuwo da ni, kuma shi ya yi mini magana aka ɗauke ni wankin kwalabe a ɗakin gwaji. Da aka haife ka ban yi shawara da kowa ba, na sa maka Ibrahim. Shi ya sa mahaifiyarka ba ta taɓa kama sunanka, sai Halilu.

Da aka buɗe sabon kamfani a Challawa tare muka koma. Shi ya zama foman na ganguna, manyan gangunan katakon nan masu juyawa da ake jeme fata a ciki. Ni kuma a lokacin na yi kwas, na zama mai gwaji. Ma'aikata suka kafa 'yar rumfar kwano a gindin darbejiya suka mai da ita masallaci, kuma ba a yi gardama ba wajen wanda zai ja salla. Malam Iro ne liman. In an tashi biki ko rasuwa a gidan wani lebura, shi ake fara nema.

To, ka san da kurom ake jima a kamfani, koren garin nan da ake shigowa da shi daga waje. Shekarun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kurom ya yi wuyar samu ƙwarai. Manajanmu, wani Bature mai gajen haƙuri, ya ce yana so ya san nawa ne fata take sha, nawa ne yake bin lambatu ya tafi kogi. Don haka aka sayo na'urar. Ranar da aka kunna ta har da masu shara sai da suka leƙo. Wuta ce siririya, mai haske kamar ta mai walda, iskar agon da ake kawowa a tukwane daga Legas ita take riƙe da ita. A fesa mata ruwan da ake son gwadawa, kowane ƙarfe da ke cikin ruwan in ya ji wannan zafi sai ya ba da nasa irin hasken, na'ura ta auna ƙarfin hasken ta ba ka lamba. Ni aka damƙa wa mabuɗin ɗakin. Kai, na ji kaina a sama! Farar riga har ƙasa, ko gaisuwar mutane sai da ta canza a bakina.

Ga kuskurena na farko. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da ka koya mata. Kullum da safe nakan haɗa ruwan awo, wato in auna kurom daidai in narka shi a tataccen ruwa, in ba ta ta ɗanɗana, in ce mata wannan haske shi ne kaza. Tataccen ruwa fa, Halilu, wanda babu komai a cikinsa. Sannan in ɗebo ruwan babban lambatu, inda ruwan jiƙon fata da ruwan ganguna da na toka duk suke haɗuwa, in tace shi in ba ta, in ce ta kwatanta. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko kurom ɗin da ke cikin ruwa mai tsabta da wanda ke cikin wannan kwamacala haskensu ɗaya ne. Littafin da ya zo da na'urar yana kan kanta, na karanta shafukan kunnawa da kashewa na ajiye. Kai kada ka yi haka. Duk ruwan da aka kawo maka, kafin ka nemi abin da aka ce ka nema, fara tambayar me kuma yake ciki. Ka haɗa ruwan awonka ya yi kama da shi gwargwadon iko.

Muna nan lambobi suna tafiya daidai, sai Babbar Salla ta zo. A shekarun nan cikin damina take faɗowa. Ka san yadda fatun layya suke. Rana ɗaya a yanka raguna a ko'ina, fatu su taru a hannun dillalai tsibi tsibi, ga shi babu ranar shanya, hadari ne kullum. Dillali kuwa ba zai zuba ido dukiyarsa ta ruɓe ba. Sai ya labta musu gishiri, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har fata ta yi fari fat tana ɗaukar ido. Haka motoci suka riƙa sauke mana su. Aka zuba su a kwarmin jiƙo, gishirin nan duk ya narke ya bi lambatu.

Da na gwada ruwan makon nan, lambar kurom ta yi tsalle. Ba ƙaramin tsalle ba. Kuma na ga wani abu da idona: wutar da na saba gani fara mai shuɗi shuɗi, da ruwan lambatu ya shiga sai wani ruwan ɗorawa ya lulluɓe ta. Na gani, na ce a raina datti ne, ba shi nake aunawa ba. Wannan ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko ciwo, don na farko rashin sani ne, wannan kuwa an nuna mini na kau da kai. In wuta ta canza launi, ko ƙararta ta canza, ko bakin bututu ya fara yin farin ɓawo, ka dakata. Kada ka rubuta komai sai ka san dalili, ko da manaja yana tsaye a kanka yana buga ƙafa.

Daga ɗakina zuwa wajen ganguna ba nisa, ana jin rugugin juyawarsu ta tagata. Da na taka na je na ce, Malam, ga abin da na gani, me ya canza a makon nan, da ko mai tura baro ya ce mini fatun layya ne suka shigo. Ban je ba. Na ɗauki sakamako na haye bene wajen manaja, ina jin daɗi na kamo abin da ba wanda ya kamo. Ya duba, fuskarsa ta yi ja wur, ya ce wato ana zubar masa da kurom a kwata, ya tambaye ni wa ke kula da ganguna. Ya sani sarai. So yake ya ji daga bakina, ni kuma na faɗa.

Bayan la'asar Malam Iro ya zo ɗakin gwaji. Bai shigo ba, don takalmansa na roba jiƙe suke, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Garba," ya ce mini, "Bature ya kira ni. Wai injinka ya ce ina ɓarnar kurom."

Na ce, "Malam, ba ni na faɗa ba, abin da ya fito ke nan."

"Ni dai ban canza komai ba. Yadda nake aunawa bara haka nake aunawa bana. Ganga ba ta tsayawa sai lokacinta ya yi. Ko za ka sake dubawa, don Allah?"

Na sake a gabansa. Ruwan awo ɗaya, hanya ɗaya, lamba ta fito ɗaya. Na juya masa fuskar na'urar don ya gani, alhali na san ba ya karanta boko. Ya ce shi bai gane ba, amma akwai abin da ba daidai ba. Nan fa zuciyar nan tawa ta banza ta taso. Na ce, "Haba Malam! Na'ura ba ta da dangi a Kano, ba ta san ku ba balle ta ƙi ku. Ku dai ku bincika yaranku." Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya ce, "To, Garba. Allah Ya bayyana gaskiya." Ya juya, takalman suna ƙara a kan siminti.

Ka lura da abin da na kira sake dubawa. Maimaita abu ta hanyar da ka bi da farko ba bincike ba ne, kuskurenka kawai kake sake haifarwa. Da na surka ruwan lambatun da tataccen ruwa kashi kashi na ga ko lambar za ta sauka daidai da surkin, da na gane. Da na zuba sanannen kurom a cikin ruwan lambatun kansa na ga ko na'ura za ta ba ni abin da na zuba, da na gane. Da ma na koma tsohuwar hanyarmu ta ɗiga magani a kwalba har launi ya juya, wadda na raina tun da aka kawo inji, da ta tona. Duk aikin yini ɗaya ne bai kai ba. In mutum ya tsaya a gabanka ya ce maka lambarka ba daidai ba ce, musamman wanda ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba, ka canza hanya ka gwada, sannan ka yi magana.

Abin da ya biyo baya ban so tuna shi. Lambobi suka ci gaba da hawa mako bayan mako, don fatun layya ba sa ƙarewa da wuri. Sai magana ta fara yawo. Ban san bakin da ta fara fitowa ba. Wai Malam Iro ya haɗa baki da ɗan kwangilar da ke kawo kurom, yana sakin ganga tun fata ba ta sha ba don kaya su ƙare a sake saye, shi kuma a ba shi nasa. Malam Iro fa! Mutumin da in ya tsinci allura a harabar kamfani sai ya yi cigiya. Amma mutane suka ce ai inji ne ya faɗa, kuma Garba ne ya auna, Garban da ya tashi a zaurensa, in da ƙarya ce ai shi zai fara karewa. Ka ga yadda kusancina da shi ya zama shaida a kansa.

Sai aka fara janye jiki a masallaci. In an tayar da iƙama, wasu su tsaya wajen famfo suna jan alwala har a sallame, sannan su yi nasu jam'in. Sahu ya riƙa raguwa. Wata azahar ya waiwaya ya ga abin da ya rage a bayansa, sai ya ja da baya ya kama hannun wani ya tura shi gaba, ya ce, "Ba ya halatta in ja mutanen da ba su yarda da ni ba." Ya koma ƙarshen sahu ya yi sallarsa. Ina wurin. Na bi sabon limamin kamar kowa.

Ba a daɗe ba aka sallame shi. Ya nemi aiki a Sharaɗa, ya nema a Bompai inda aka san shi tun yana saurayi, amma labari ya riga shi isa. Ya sayar da ɗan gidansa na nan Panshekara ya kwashe iyali ya koma ƙasarsu. Kana makarantar kwana a lokacin, aka ce maka ya tafi gida ne kawai. Da zai tafi ya biyo ta gidanmu ya yi wa mahaifiyarka sallama, ya bar maka wata 'yar hula. Ni na san zai zo, sai na ƙirƙiri aiki na zauna a kamfani. Da na dawo ta ajiye mini abinci, ta ce, "Malam, mutumin da ya riƙe maka ragon sunan ɗanka aka yanka, shi za ka yi wa haka?" Na daka mata tsawa na ce ba ta san aikin boko ba. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma ta daɗe ba ta yi dariya da ni ba.

Ga abin da ya ƙara rufe ni. Bayan tafiyarsa damina ta ɗauke, fatun gishiri suka ƙare, busassun fatu na shanya suka ci gaba da shigowa kamar kullum. Lamba ta sauka ta koma inda take. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce na gani ko, an cire ɓarawo ɓarna ta tsaya. Har ƙarin girma aka yi mini. Ni ma na yarda, don yarda ta fi mini sauƙin barci. Halilu, don abu biyu sun faru tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Ka riƙa tambaya, ban da wannan me kuma ya canza a lokacin? Ka san kalandar wurin da kake aiki, lokacin ruwa da na rani, lokacin da kaya suke canza hannu, kamar yadda ka san maɓallan na'urarka.

Shekara ta zagayo, aka sake Babbar Salla cikin ruwa, motocin fatu suka sake shigowa fari fat. Sabon foman kuwa manaja ne ya zaɓo shi da kansa, kuma kurom yana kulle, sai an sa hannu ake fitar da shi. Na kunna na'ura na ba ta ruwan lambatu. Wuta ta yi ruwan ɗorawa, lamba ta yi tsalle, irin tsallen bara sak.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na sami kaina na tafi sito inda ake jibge fatu, na kankaro gishiri cikin tafin hannuna daga bayan wata fatar rago. Na dawo na ɗauki ruwan awona, wanda ni na auna kurom ɗinsa da hannuna na san abin da ke ciki, na raba shi biyu, na zuba gishirin a ɗaya. Na ba na'ura mai tsabtan, ta faɗi gaskiya. Na ba ta mai gishirin, ta ƙara masa kurom ɗin da babu shi. Na ƙara gishiri, ta ƙara lamba. Na kashe wutar na rufe ƙofa na yi kuka, ni da girmana.

Daga baya injiniyan da ke zuwa duba na'urar ya yi mini bayani, ya kuma buɗe mini shafin a cikin littafin nan da ke kan kanta. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ba shi da riƙo. Da ya ji zafin filasma sai ya saki ilektoron ɗinsa, haka ma danginsa irin su fotasiyam na cikin toka. In sun yi yawa sai su cika wutar da ilektoron, yanayin wutar ya canza, ƙarfen da kake nema ya ba da hasken da ba daidai da yawansa ba. A irin tawa na'urar yawanci ƙaruwa hasken yake yi. Ya ce a irin taku ta zamani abin ya yi sauƙi amma bai tafi ba, kuma can yana iya ƙaruwa ko ya ragu, ya danganta da tsayin inda ake kallon wutar da ƙarfin da aka ba ta. Raguwar ma ta fi ban tsoro, don sai ka ce wa mutane ruwansu lafiya lau alhali da guba a ciki. Maganin ba wuya. Ko ka sa gishiri a ruwan awonka daidai da na samfurin, wato ruwan da aka kawo maka, ko ka zuba wani mai saurin sakin ilektoron da yawa, kamar litiyam, a cikin duka biyun don su zama ɗaya a wurin wuta, ko ka surka, ko ka yi awon a cikin samfurin kansa. Na san an koya muku wannan a makaranta, wataƙila har ka ci shi a jarrabawa. Ni ba a aji na koye shi ba.

Kuskurena na ƙarshe shi ne jinkiri. Na gyara hanyar awo a ranar, amma bakina ya yi nauyi. Kullum in ce gobe zan hau bene. Kunya ce, da tsoron kada a karɓe girman da aka ba ni. Sai da aka yi girbi aka gama sannan na je na faɗa wa manaja. Ya saurara, ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin takaici ne, in mutumin yana so ya dawo a ba shi wani gurbi. Shi ke nan abin da ya ce. In ka gano ka yi kuskuren da ya taɓa wani, a ranar za ka faɗa, kafin rana ta faɗi. Kowace safiya da ka ƙara, nauyin ƙaruwa yake yi, shi kuma wancan yana can yana kwana da abin da ka ɗora masa.

Na ɗauki hutu na hau mota na tsallaka iyaka. Na yi ta tambaya har na sami ƙauyen. Shekarun fari ne, ƙasar ta bushe ƙamas. Na tarar da shi a ƙofar gida yana tufka igiya, ya rame har sai da na yi shakkar shi ne. Matarsa, wadda ta ciyar da ni a zaure, ta rasu da bazara, ban ma ji ba. Ya gane ni tun daga nesa, ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ya tambaye ni mahaifiyarka, ya ce, "Ina takwarana? Yana karatu dai ko?"

Na durƙusa na faɗa masa komai, gishirin da wutar da lambar. Na ce, "Malam, ba ku yi komai ba. Ni ne. Ku yafe mini don girman Allah. Bature ya ce ku dawo."

Ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa. Can ya ce, "Gishiri." Ya ɗan yi murmushi. "Yafiya na yafe maka tun kafin in hau mota, Garba, don na san ba da gangan ka yi ba. Komawa kuwa, ina ƙarfin yake? Ita dai da ta so ta ji wannan magana, ga ta can." Ya nuna wajen maƙabarta da haɓarsa. Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake so. Mutanen da suka bar bin sallata. Ka tsaya a masallacin nan ka faɗa musu da bakinka, yadda ka faɗa mini. In ka faɗa, ka aiko mini da abin da suka ce. Direbobin kwanar Ungogo suna zuwa nan duk kasuwa."

Na ce wallahi zan yi. Na dawo da ƙarfina, har ina shirya kalmomin a cikin mota.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a tsakanin nan kamfani ya rage ma'aikata har sau biyu saboda rashin kaya. Mutanen Haɗeja sun koma gona, mutanen Nijar an sallame su tun farko, wasu sun bi masaƙu a Sharaɗa su ma aka rufe. Ina shiga ina fita kullum a cikin farar rigata, ban lura da yadda fuskoki suka canza ba. Ranar da na dawo aiki, da aka sallame azahar, na miƙe na ce jama'a a dakata ina da magana. Na faɗa duka, ban rage komai ba. Na ce Malam Iro bai ci amanar kowa ba, ni ne na auna ba daidai ba, duk wanda ya zarge shi ya nemi gafarar Allah.

Na duba sahu ɗaya bayan ɗaya ina neman waɗanda suka riƙa jan alwala a bakin famfo. Ban ga ko ɗaya ba. Sai wani saurayi a sahun gaba, sabon ɗauka, ya ce mini cikin ladabi, "Baba, Allah Ya ba da lada. Amma wane ne Malam Iro?"

Aka busa komawa aiki, kowa ya nemi takalminsa.

Direban ƙauyensu ya aiko mini ya fi a ƙirga, wai tsoho yana tambaya ko akwai saƙo. Nakan aika da shinkafa, da sabulu, da turmin atamfa don 'ya'yansa. Amma abin da ya ce in aiko masa, har yau da nake rubuta maka wannan ban aika ba. Ban san me zan ce masa sun ce ba.

Allah Ya tsare mini kai, Halilu, a hanya da masauki da wurin aiki. Ya kiyaye hannunka da harshenka daga cutar da bawanSa, da saninka ko ba da saninka ba. Ya haɗa ka da abokan zama na gari, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka sa Malam a addu'a, ni ma ka sa ni.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba